Kowace Sana'a da Unguwarta: Zaga Kasuwannin Tokiyo Babu Ɗan Rakiya

A unguwar Jimbocho da ke tsakiyar birnin Tokiyo akwai wani babban titi mai suna Yasukuni. Duk wanda ya bi shi da ƙafa, in dai yana da lura, zai ga shagunan tsofaffin littattafai sun tattaru a hannu ɗaya, wato gefen kudu, ƙofofinsu na kallon arewa. Dalili kuwa rana ce. Takarda ba ta shiri da hasken rana, yakan cinye mata launi, ya busar da ita har ta riƙa karyewa. Shagon da ya fuskanci arewa rana ba ta leƙa shi kai tsaye, don haka mai littafi sai ya jera hajarsa har bakin titi hankalinsa kwance. Mutanen da suka yi wa sana'arsu irin wannan tunani, har ya kai ga inda za su juya ƙofar shago, su nake so in ba mai karatu labarinsu.

Wani kwas na wurin aiki ne ya kai ni Japan. Masu masaukinmu sun kyauta mana ƙwarai. Ranar hutu sukan kwashe mu a bas, a kai mu wurin tarihi, a ɗauki hoto, a biya da mu wani katafaren kanti a ce an ba mu awa ɗaya. Ban raina wannan ba, domin baƙon da bai san gabas da yamma ba yana buƙatarsa da farko. Sai dai abin da ke cikin katafaren kantin nan shi ne dai ke cikin na Dubai ko na Jidda. Tokiyon da ta zauna mini a rai a ranakun da na fita ni kaɗai na same ta, katin jirgi a aljihu, takardar saƙon mutanen gida a hannu. A unguwannin masu sana'a mai shago ya san hajarsa ciki da bai, kuma sanin nan nasa shi ne rabin abin da kake biya. Ba ya kuwa samuwa ga ayarin mutum ashirin da direba ke jira a waje. Sai ka tsaya, ka nuna abin da ya kawo ka, ka ba shi lokaci.

Tsarin ba jiya aka fara shi ba. Tokugawa Ieyasu ya shigo garin a 1590, lokacin ana kiransa Edo, ya kuma karɓi ragamar mulkin ƙasar a 1603. A zamaninsa aka yanka wa masu sana'a unguwanni a gindin fada, kowace sana'a da tata. Har gobe a yankin Kanda akwai Kajicho, unguwar maƙera, da Konyacho, unguwar marina, ko da yake yanzu ofisoshi ne suka cika su. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba. Wanda ya tashi a birnin da ke da Dukawa da Soron Ɗinki, ya saba shiga kasuwa ya tambayi layin 'yan tukwane ko na 'yan goro, ya riga ya san yadda Tokiyo take kasuwanci. Abin da ya bambanta kawai shi ne a can layi ɗaya yakan zama unguwa sukutum, kuma tsakanin layi da layi wani lokaci sai an hau jirgi. Sau biyu wuta ta cinye yawancin birnin a ƙarnin da ya wuce, da girgizar ƙasar 1923 da kuma ruwan bama-baman 1945, amma duk sa'ad da aka sake gini sai 'yan sana'a ɗaya su sake neman juna.

Abin da ke hana baƙo fita shi kaɗai tsoron ɓata ne, kuma tsoron yana da hujja. Mutum wajen miliyan 14 ne a birnin, in aka haɗa da garuruwan da suka manne da shi a doshi miliyan 37. Ga shi yawancin tituna ba su da suna, adireshin gida lambar yanki ce da lambar rukunin gidaje da lambar gini. To amma jirgin ƙasa ya rage wahalar. Layin Yamanote da'ira ne mai tasha 30, yana zagayowa cikin kamar awa ɗaya, kuma Akihabara da Okachimachi da Ueno da Nippori duk a kansa suke, kusa da juna. Kowace tasha tana da sunanta da boko a allo, yadda na rubuta su a nan, tana kuma da harafi da lamba. Tawaramachi, alal misali, inda ake sauka a shiga layin 'yan kayan girki, ita ce G18 a layin Ginza, layin ƙarƙashin ƙasan da aka buɗe tun 1927. Katin Suica ko Pasmo ake zuba wa kuɗi, a ɗora shi a ƙofar shiga da ta fita, babu ruwanka da lissafin kuɗin tikiti. Abu ɗaya da za a kiyaye shi ne lambar ƙofar fita, domin babbar tasha ƙofofinta suna da yawa, wanda ya bi wata ba tasa ba yakan tsinci kansa a wata unguwa dabam. In hakan ta faru, kusan kowace babbar tasha akwai ɗan ƙaramin ofishin 'yan sanda a kusa da ita, koban suke ce masa, kuma nuna wa mutane hanya yana cikin aikinsu na kullum. Matambayi ba ya ɓata, a can ma haka abin yake.

Mu koma Jimbocho. Makarantu ne suka haifi kasuwar. A shekarun 1880 aka buɗe makarantun koyon shari'a a yankin, waɗanda suka zama jami'o'in Meiji da Senshu da Chuo da Nihon. Ɗalibi ya sayi littafi farkon zango, ya sayar in ya gama ko in aljihu ya bushe, daga nan shaguna suka tsiro. Wata gobara ta lashe unguwar a 1913, kuma a shekarar ne wani tsohon malamin makaranta, Iwanami Shigeo, ya buɗe ɗan shagon tsofaffin littattafai wanda ya zama kamfanin ɗab'i na Iwanami, ɗaya daga cikin mafiya daraja a ƙasar. Yau shagunan tsofaffin littattafai a unguwar sun haura 100, kuma kusan kowanne da fanninsa. Wannan falsafa, wancan tarihin soja, na gaba fina-finai, na bayansa rubutun hannu da alƙalamin gashi. Ohya Shobo, wanda aka kafa a 1882, littattafai da taswirori da zane-zanen zamanin Edo yake sayarwa. Wanda ba ya karanta Japananci ya hau benen Kitazawa ko na Isseido, zai sami na Turanci.

Na shiga wani ɗan shago ina neman tsohuwar taswira mai nuna Afirka. Dattijon da ke zaune can ƙurya, littattafai sun kusa rufe shi, ya karanta abin da na rubuta a waya aka juya masa zuwa harshensu, ya girgiza kai. Bai sallame ni haka nan ba. Ya jawo 'yar takarda ya zana titi, ya zana lungu na biyu, ya sa alama, ya rubuta sunan wani shago. Can na sami littafin taswira na 'yan makaranta tun na kafin samun 'yancin kai, Afirka ta Yamma duk launin Ingila da Faransa, an rubuta Kano da haruffansu. Daga baya na fahimci abin da ya sa maƙwabci ke tura wa maƙwabci ciniki ba tare da ƙyashi ba. Masu shagunan suna da zauren ƙungiyarsu a nan kusa, inda suke gwanjon littattafai a tsakaninsu. Idan wani malami ya rasu iyalinsa suka sayar da ɗakin karatunsa, wanda ya saya zai riƙe na fanninsa, ya kai sauran zauren, kowane littafi ya tafi hannun wanda ya san darajarsa. Da haka unguwar ta zama tamkar shago ɗaya mai ƙofa ɗari. Wanda tafiyarsa ta faɗo ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba zai tarar da bikin tsofaffin littattafai da ake yi tun 1960, a jera kantoci a gefen titi har iya ganinka.

Daga nan ba sai an hau jirgi ba. Ka miƙe gabas a kan titin Yasukuni, littattafai na ƙarewa sai shagunan kayan wasanni na Ogawamachi. In ka haura tudu ta arewa wajen Ochanomizu, kayan kiɗa ne shago bayan shago. In ka ci gaba ka tsallaka gadar Mansei, ka shigo Akihabara. Canjin nan da ake gani da ido, haja na miƙa wa haja, shi ne ribar mai tafiya da ƙafa.

Akihabara ta yi suna a duniya da wasannin bidiyo da zanen katun, kuma su ne suka mamaye babban titin da manyan alluna da ƙarar kiɗa. Zan faɗa wa mai karatu gaskiya, akwai benayen da ke ɗauke da hotunan da ba su dace da tarbiyyarmu ba. Sukan sa alamar shekara 18 a bakin matakala, mai tafe da yara ya lura. Ni asalin unguwar ne ya ja ni. Bayan yaƙin duniya na biyu, masu sayar da kayan haɗa rediyo sun baza kolinsu a bakin titi a wannan yanki. Da hukumar mamayar Amurka ta hana kasa kaya a titi a 1949, sai aka tattara su a rumfuna ƙarƙashin gadar jirgi kusa da tashar. Ragowarsu suna nan a Radio Center, wani matsattsen lungu da mutum biyu ba sa wuce juna sai ɗaya ya karkace. Rumfa ba ta fi faɗin hannu biyu ba. Wannan makunnai kaɗai yake sayarwa, iri-iri a 'yan akwatuna, wancan waya, na gaba na'urorin awon wuta, wani kuma ƙwayayen tsohuwar rediyo da aka daina yi tuntuni. Na daɗe tsaye ina kallon wani saurayi da ya kawo wani ɗan abu da ya ƙone, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Mai rumfar ya duba shi da tabarau, ya miƙa hannu baya ko waiwaye bai yi ba, ya zaro irinsa. Duk mai gyaran rediyo ko waya da Allah ya kai shi Tokiyo, ina roƙonsa kada ya wuce wannan lungu. Rumfunan suna raguwa, masu su suna tsufa, na maƙwabtaka da ake kira Radio Store ma an rufe shi tun 2013.

Gargaɗi ɗaya ga mai sayen kayan wuta. Lantarkin Japan ƙarfinsa bolt 100 ne, namu kuwa 230. Cajar waya da ta kwamfuta yawanci suna ɗaukar duka biyun, an rubuta a jikinsu. Amma tukunyar dafa shinkafa ko dutsen guga ko butar lantarki da aka yi don cikin gida, ana sa ta a soket ɗinmu za ta ƙone. Manyan kantuna suna da sashe na musamman na kayan da aka yi don ƙasashen waje, shi za a nema. Haka kuma shagunan kayan hannu suna da kwandunan da aka rubuta wa alamar cewa kayan ba su da tabbas, araha ce ƙwarai, amma in ka saya ka saya.

Daga Akihabara in aka bi ƙarƙashin gadar jirgi zuwa arewa, za a ratsa Okachimachi, unguwar 'yan gwal da duwatsu masu daraja, a faɗa Ameyoko, kasuwar da ta tashi daga cinikin bayan fage na bayan yaƙi. Shaguna wajen 400 ne cunkushe a gefen layin dogo har Ueno, busasshen kifi, kayan yaji, takalma, turare, kuma nan ne kaɗai na ji 'yan kasuwa suna ɗaga murya suna kiran masu saye. Nan kusa akwai masallacin Assalaam, inda na riƙa sallar azahar in ina yankin. A can na haɗu da wani ɗalibi ɗan Maraɗi, wanda da jin sallamata ya ce, "Malam, daga ina?" Shi ya nuna mini masu gasa nama 'yan Turkiyya a Ameyoko, ya kuma ja kunnena kan romon taliyar Japanawa da miyar kori, cewa sau da yawa da naman alade ake yi, wani abincin kuma akan zuba masa giyar shinkafa, don haka in nemi takardar shaidar halal a ƙofa ko in tambaya. Ranar Juma'a kuwa, wanda ke da hali ya je babban masallacin Tokyo Camii a Yoyogi-Uehara, wanda aka fara ginawa a 1938 aka sake gina shi a 2000.

Daga Ueno ka nufi gabas wajen Asakusa, ka wuce jerin shagunan kayan ibadar mabiya Buddha, kamar tafiyar minti ashirin, sai ka hango ƙaton kan mutum-mutumin kuku da farar hula da gashin baki a saman wani bene. Ka iso Kappabashi ke nan, kuma a nan na fi daɗewa.

Titi ne mai tsawon mita 800, shaguna wajen 170, kuma tun wajen 1912 ake ciniki a wurin. Duk abin da mai gidan abinci yake buƙata, ban da abincin kansa, yana nan. Akwai shagon da tukwane kaɗai ne, daga ta dafa ƙwai ɗaya har wadda yaro zai ɓuya a ciki. Akwai na faranti da kwanuka an tula su har bakin hanya, na ludayi da rariya da mataci, na kujeru da tebura, na rigunan kuku, na labulen ƙofa, na fitilun takarda, na tsinken cin abinci, na kwalin zuba abincin tafi-da-gidanka. Na ga shago guda da ba ya sayar da komai sai abin gasa burodi da kek. Ga kuma masu abincin roba, wato kwaikwayon abincin da gidajen abinci ke jerawa a gilashi don mai wucewa ya ga abin da ake dafawa. Wani mai suna Iwasaki Takizo ne ya mayar da abin babbar sana'a tun 1932, da kakin zuma ake yi a da, yanzu da roba, kuma har yau da hannu ake fenta shi. Yawanci ya fi abincin gaske tsada nesa ba kusa ba. Butocin shayi na baƙin ƙarfe daga lardin Iwate sun ɗauki hankalina, sai dai nauyinsu ya sa na ajiye.

Wuƙa ce saƙon uwargida. Shagunan wuƙa suna da yawa a layin, wasu sun haura shekara ɗari, kamar Kama-asa da aka kafa a 1908. Na shiga wani na nuna wata doguwa mai sheƙi a gilashi. Mai shagon bai ɗauko ta ba, sai ya fara yi mini tambayoyi ta waya. Me ake yankawa a gidanku? Wanda zai riƙe ta da wane hannu yake aiki? Wa zai riƙa wasa ta? Na ce nama da albasa da tumatir da kaza, wani lokaci a sara ƙashi. Da ya ji ƙashi sai ya gicciye hannuwansa biyu, alamarsu ta a'a. Ya bayyana mini cewa wadda na nuna yanagiba ce, ta yanka ɗanyen kifi, gefe ɗaya kaɗai aka wasa mata, shi ya sa ma ta bahago dabam take. Ya jera mini sauran a kan tebur, deba mai kauri ta fasa kan kifi, nakiri mai faɗi ta ganye, santoku ta aikin gida, da gyuto ta nama. Ya ce ƙarfen wuƙarsu an ƙera shi da tauri don ya riƙe kaifi, kuma taurin nan shi ke sa bakinta ya ɓalle in ta haɗu da ƙashi ko daskararren nama. Mai niyyar aikin layya da ita ya ji wannan da kyau, fiɗa da yanka tsoka nata ne, sara kuwa a bar wa adda.

Sannan ya kawo zancen tsatsa. Akwai ƙarfen da ya fi kaifi amma yana tsatsa in an bar shi da lema ko ruwan tumatir ko na ɗan lokaci ne, akwai kuma wanda ba ya yi. Ya tambaye ni ko mutum ɗaya ne ke girki a gidan. Na ce gidanmu hannu da yawa ne. Sai ya ture masu tsadar gefe, ya miƙo mini gyuto marar tsatsa, kuɗinta bai kai rabin na wadda na fara nunawa ba. Ya ɗauko dutsen wasa wuƙa mai lamba 1000, ya ce a jiƙa shi a ruwa har ya daina kumfa, ya sa kwabbai biyu ƙarƙashin bayan wuƙar don in ga yadda ake karkata ta, ya kama hannuna muka tura muka jawo har na gane. Ya sassaƙa sunan uwargida a jikin ƙarfen da haruffansu, ya naɗe, ya liƙe, ya ce kada in buɗe sai na isa gida, domin dokarsu ta hana yawo da wuƙar da bakinta ya wuce santimita 6 ba tare da dalili ba. Mutumin nan ya rage wa kansa ciniki da hannunsa don kada in kai gida abin da zai lalace. Na girmama shi a kan haka, kuma har yanzu ina girmama shi. Yawancin wuƙaƙen ba a Tokiyo ake ƙera su ba, daga Sakai kusa da Osaka suke zuwa, da Seki a lardin Gifu, da yankin Tsubame da Sanjo. Aikin mai shago shi ne ya haɗa kowace wuƙa da hannun da ya dace da ita.

A duk wannan zama ba mu yi maganar kuɗi ba, domin yana rubuce. A Japan babu "nawa ka saya", babu "albarka", babu "ƙara dai". Wannan ma yana da tarihi. A 1673 wani ɗan kasuwa, Mitsui Takatoshi, ya buɗe kantin yadi mai suna Echigoya a Edo. A lokacin manyan 'yan yadi gidajen masu hali suke kai kaya bashi, kuɗi kuma ya danganta da wanda ke saye. Shi sai ya ce kuɗi hannu, farashi ɗaya ga kowa, kuma zai yanka maka ko ɗan ƙyalle kake so. Kantin nan shi ne Mitsukoshi na yau a Nihonbashi. Ni mai son tayi ne, don a wurinmu tayi gaisawa ce da sanin juna. Amma ga baƙon da ba ya jin harshe, rubutaccen farashi rahama ne. Ba ka fargabar an yi maka kuɗin baƙo, kuma lokacin da za a ɓata a ja-in-ja sai ya tafi kan kayan da kansu. A Ameyoko da wasu manyan kantunan lantarki akan yi ɗan ragi in an nema, sauran wurare kuwa neman ragi yakan sa mai shago jin nauyi. Kuɗi a ɗan faranti ake ajiyewa kusa da akwatin kuɗi, ba a hannu ba, kuma ba a barin tukuici. Kalmomi kaɗan sun ishe ni: sumimasen don neman hankalin mutum, ikura desu ka don tambayar kuɗi, arigato gozaimasu don godiya. Sauran nuni ne da murmushi.

Saƙo na ƙarshe na yayata ne, tela ce. Nippori tasha biyu ce daga Ueno, kuma daga ƙofarta ta gabas layin 'yan yadi ya miƙe kusan kilomita ɗaya, shaguna wajen 90. Akwai na auduga, na siliki, na leshi, na fata, na maɓalli kaɗai, na zare da zif. Telolinmu sun daɗe da sanin kayan Japan ko da ba su lura ba, don zif ɗin YKK da kekunan Juki da Brother da Janome duk na Japan ne. Shagon da ya fi cika shi ne Tomato, mai rassa da dama a layin. Kai za ka ɗauki bandir ɗin da kanka ka kai teburin yanka, ka faɗi tsawon, a yanka, ka biya a wannan hawan kafin ka hau na gaba. Da mita suke awo, yadi shida namu mita biyar da rabi ne. A duba faɗi kuma, yawancin audugarsu santimita 110 ce, yadin kimono na gargajiya kuwa bai kai santimita 40 ba, tsawonsa wajen mita 12, kyakkyawa ne amma ba zai yi zani ba sai an haɗa.

Japan tana gabanmu da awa takwas, don haka ƙarfe uku na rana a Nippori bakwai na safe ne a gida. Na nemi izinin mai shago, don da yawansu ba sa son ɗaukar hoto, sannan na kira ta ta bidiyo. "Auta, matso da wayar in ga bakin yadin," in ji ta. Na matsa. "Ja shi in gani. Ɗaga shi wajen haske." Na ce, "Yaya, ga wani mai rinin shuni can." Ta ce in kai ta. Matar da ke yanka tana kallonmu, sai ta karɓi yadin ta murza shi a gaban wayar, ta juya bayansa, ta nuna saƙar. Su biyun babu mai jin harshen wata, amma Yaya ta ce, "Wannan ta san aiki. Duk wanda ta zaɓa ka karɓo." A shagon gaba na saya mata almakashin Shozaburo, na teloli, wanda ake ƙerawa a Tokiyo.

'Yan kasuwarmu masu tunanin sari su san cewa unguwar 'yan sarin tufafi ita ce Bakurocho da Yokoyamacho, kuma shaguna da yawa a can sun manna sanarwa a ƙofa cewa ba sa sayar wa mai sayen ɗai-ɗai. Ana buƙatar shaidar kasuwanci, gara a shirya tun daga gida.

Harajin saye a Japan kashi 10 cikin ɗari ne kan yawancin kaya. Shagunan da ke da alamar yafe haraji sukan cire wa baƙo idan sayayyarsa ta kai yen 5,000 a rana ɗaya, muddin ya nuna fasfonsa na ainihi, wanda dama doka ta ce baƙo ya riƙa yawo da shi. Gwamnati ta sanar cewa daga Nuwamban 2026 za a riƙa biya ne tukuna, a maido wa mutum bayan an tantance kayan wajen fita ƙasar, don haka a adana rasit. Ƙananan shaguna da dama tsabar kuɗi suke so, kuma na'urorin cire kuɗi na kantunan 7-Eleven da na gidan waya suna karɓar katin waje. Kasuwannin nan ba sa sammako, yawanci sai goma ko sha ɗaya na safe, kuma Kappabashi tana fara rufewa tun biyar na yamma. Ranar Lahadi shaguna da yawa a Kappabashi da Jimbocho a kulle suke, ita kuwa Akihabara ranar ce ake hana motoci bin babban titinta da rana. Mai yini ɗaya kacal ya zaɓi unguwa biyu maƙwabtan juna, Jimbocho da Akihabara, ko Kappabashi da Nippori, ya ajiye kayan da ya fara saya a akwatunan haya na tasha kafin ya shiga ta biyu. Wuƙa da almakashi kuma a babban akwati ake sa su ranar komawa, ba a jakar hannu ba.